Sunan da Saba Ta Faɗa

Hoton ya fara yawo ne a wayoyin matan layin da ke bayan asibiti, kafin rana ta karkata ya tsallaka titi ya isa rumfar masu gyaran babur. Takardar gwajin jini ce aka ɗauka daga fuskar kwamfuta. Ga tambarin asibitin a sama, ga sunan Mai Aski ɓaro-ɓaro, ga kuma kalmar da ba wanda ke son gani kusa da sunansa, ƙanjamau. Mutanen da suka yi shekaru suna miƙa masa ƙeya da haɓa har suna gyangyaɗi, ranar kowa ya tuna wai reza ta taɓa ƙwarzanarsa. Kafin a ankara shagon ya zama wurin kwanan kyanwoyi. Shi kuwa Mai Aski ya shige ɗaki ya ja ƙofa, ko waje ya daina leƙowa.

Wansa ne ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Unguwa kuma ta yi abin da ta fi ƙwarewa a kai, ta zauna ta yanke hukunci tun ba a kira shaida ba. Wadda aka ɗora wa laifin ita ce yarinyar da ke teburin gaba tana karɓar marasa lafiya, wadda ma'aikata ba su ma gama riƙe sunanta ba, Sabuwa kawai suke ce mata. Hujjarsu kuwa ba ƙarama ba ce. An sami kwafin takardar a foldar da ake kira Ta Kowa, wadda duk ma'aikacin asibitin ke iya buɗewa. Da aka tambayi saba, wato babbar na'urar da kwamfutocin asibitin ke ajiya a cikinta, wane ne mai wannan fayil, sai ta faɗi sunan Sabuwa. A wurin Sufeton da ke riƙe da ƙarar, na'ura ba ta san ƙarya ba. Ya ce da Likita, mai asibitin, ya samo masa wanda ya san kan abin ya tabbatar, shi kuma ya wuce da yarinyar kotu.

Haka aka yi aka kira Mai Bin Sawu.

Ba sawun shanu yake bi ba, ba na ɓarayin kaji ba. In abu ya ɓace ko ya fita daga kwamfutocin wani ofis, shi ake nema ya faɗi ta inda ya bi. Siririn mutum ne mai tabarau, maganarsa sai an ciro ta da ƙugiya. Asibitin kuma ba baƙon wuri ba ne a gare shi, domin Babbar Nas yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta riƙe shi tun da uwarsu ta rasu yana ƙarami, ita ta yi masa wanka, ita ta yi ta faɗa da malamansa har ya zama mutum. Ba ta daɗe da samun wannan girman ba, bayan shekarun da ta yi a teburin gaba tana gwada hawan jinin mutane.

A bakin ƙofa ta tare shi. Ya ga ta rame, ya ɗauka nauyin sabon muƙami ne.

"Auta, wannan aikin ba naka ba ne. Ka bar wa 'yan sanda kayansu."

"Yaya, 'yarki ce ta hana ni sakat. Tun jiya take kira na tana kuka, wai sai na gano wanda ya tona masa asiri."

Mai Aski ya taɓa neman 'yar tata, har magana ta yi nisa, sai rana ɗaya Babbar Nas ta ce ba za ta ba mai share gashin mutane 'yarta ba. Yarinyar ta haƙura a baki, zuciyar kuwa tana can shagon.

Babbar Nas ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta gyara hularta ta matsa masa ya wuce.

* * *

Sabar tana zaune a wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene, tsakanin bokitin mai shara da kwalayen safar hannu. Mai kula da ita wani ne da ake kira Sai-Gobe, don duk abin da aka kawo masa gyara amsar ke nan. Yana ganin Mai Bin Sawu ya fara zufa, ko da yake fanka na kansa.

"Oga, ka ga dai, folda kamar ɗaki take, rukuni kuma zoben makullai. Wanda na sa a rukunin Gwaji, ya buɗe foldar sakamako. Wanda ban sa ba, ko ya wuni yana danne-danne ba za ta buɗe masa ba."

"Su wa ke cikin rukunin?"

"Likita, da Mai Gwaji, da Babbar Nas. Shi ke nan."

"Sabuwa fa?"

"Ba ta ciki. Ranar da ta fara aiki Likita da bakinsa ya ce teburin gaba ya daina ganin sakamako, tunda ita ba nas ba ce."

"To ta yaya ta kwafo abin da ba ta iya buɗewa?"

Sai-Gobe ya watsa hannu. "Yaran yanzu, Oga. Sun fi mu sanin kwamfuta."

"Yaushe aka yi kwafin?"

"Kash! Ai tun da muka yi ƙaura daga tsohuwar saba, duk fayilolin suka ɗauki ranar ƙaura. Tsoho da sabo, haihuwarsu ɗaya."

"Abin da ke rubuta wa ya buɗe me fa, ka kunna shi?"

Sai-Gobe ya sosa ƙeya, ya dubi bokitin mai shara. "Wannan, dama gobe nake son in kunna shi."

Mai Bin Sawu bai yi dariya ba. An share masa ƙasa tas kafin ya zo, ba rana, ba lokaci, sai suna guda a kan fayil guda. Ya zauna da kansa ya shiga da asusun da Sabuwa ke buɗe kwamfuta da shi, ya danna foldar sakamako. Ta ƙi buɗewa.

* * *

Sabuwa tana zaune da uwarta a ɗakin haya guda, a wani gida mai famfo ɗaya a tsakar gida. Uwar guga take yi wa mutane, amma ranar teburin gugar wayam yake. Tun da maganar ta fita masu kawo kaya suka ɗauke ƙafa, wai gidan masu tonon silili ne. Matan da ke bakin famfo suka yi tsit da ya shigo, suka bi shi da ido har ƙofar ɗakin.

Yarinyar ta yi kuka har hawayen sun ƙare, magana take yi a bushe.

"Malam, wallahi ban ma san akwai wata foldar sakamako ba sai ranar da Sufeto ya tambaye ni. Mutumin nan ko fuskarsa ban sani ba."

"Kin taɓa ba wani kalmar sirrinki?"

"Ban taɓa ba. An ce kora ce."

"Kin taɓa tashi kin bar kwamfutar a buɗe?"

"Ko banɗaki zan je sai na kulle. Har dariya suke yi min. Shekara nawa ina neman aikin nan, Malam. Ranar da aka ɗauke ni Inna ba ta iya cin abinci ba don murna. Sufeto ya ce in aka kai ni kotu ɗauri ne. In na fito wa zai ɗauke ni ko shara?"

Uwar ta ce daga inda take zaune, "Ɗana, duk asibitin nan mutum ɗaya ce ta tako ta duba mu. Babbar Nas, Allah ya saka mata. Ta zauna nan inda kake, ta kasa cewa komai, sai hawaye."

Ya ji daɗi a ransa, ya ce Yaya ke nan, tausayi ya yi mata yawa. Mutumin da ke gane sawun kowa, na gidansu bai ko kalle shi ba.

* * *

Zarginsa na farko ya faɗa kan Mai Gwaji. Shi ke ɗibar jini, shi ke rubuta sakamako, kuma duk asibitin an shaida bakinsa ba ya riƙe ruwa. Ya same shi a ɗakin gwaji yana jera kwalabe, kafin ya gama sallama har an ba shi labarin ciwon bayan Likita.

"Ni? Haba Oga! Na san ina da surutu, matata ma ta ce ko a barci ba na shiru. Amma ka yi tunani. Takardar nan a gabana take kullum. In zan ɗauki hotonta, me zai kai ni Ta Kowa? Sai in ɗaga wayata a nan in ɗauka, ba wanda ya gani."

Maganar ta zauna. Mai Bin Sawu ya ja kujera.

"To me ke sa mutum ya kai abu Ta Kowa?"

"Bugawa mana. Firintar nan tawa ta mutu tun bara, Sai-Gobe na nan tafe. Ta ofishin kuɗi kaɗai ke aiki, kwamfutar can kuma ba abin da take gani sai Ta Kowa. Mu duka haka muke yi: ka jefa can, ka ruga ka buga, ka dawo ka goge. Wanda ya yi wannan gogewar ya manta."

Ashe wanda ya fitar da takardar ba yaɗa ta ya yi niyya ba. So yake ya riƙe ta a hannu, ya nuna wa wani. Daga baya ne wani mai leƙe-leƙe ya tsince ta a inda aka bar ta.

Mai Bin Sawu ya koma ƙarƙashin bene yana neman ƙofar baya. A irin waɗannan na'urori akan sa rukuni a cikin wani rukunin, mutum ya sami makullin da ba wanda ya miƙa masa kai tsaye. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya tarar da rukunin Gwaji, da Gwaji Sabo, da Gwaji Sabo Na Gaske, da wani wai shi Kada A Taɓa. Tarkace dai iri-iri, amma ko ɗaya bai kai Sabuwa ga foldar sakamako ba. Yini guda ya tafi a banza, Sufeto kuma ya kira ya ce haƙurinsa ya kusa ƙarewa.

* * *

Wan Mai Aski ne ya buɗe masa ƙofa, ya yi masa nuni da ɗakin ƙarshe. Labule a sake, ɗakin na warin rufi. Mai Aski na zaune a ƙasa ya jingina da gado, kansa da gemunsa sun yi buzu-buzu, shi da bai taɓa barin gashin wani ya wuce kwana biyu ba a gyara ba. Ya gane baƙon, ya yi yunƙurin durƙusawa.

"Kawu, sannu da zuwa."

"Zauna abinka. Tambaya ɗaya na zo da ita. Kafin hoton nan ya fita, wani ya taɓa nuna maka takardar a buge?"

Mai Aski ya dubi yatsun ƙafarsa.

"Likita da baki ya faɗa min."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Kawu, yarinyar asibitin nan ba ruwanta, na faɗa wa yayana bai ji ba. Amma don Allah ka bar maganar nan. Wanda za ka samo ba zai buɗe min shagona ba. Maganina ina sha, Likita ya ce zan rayu kamar kowa. Sai dai ban san wane kowa ba, tunda ko kofin da na sha ruwa a gidan nan ware shi ake yi."

"In na bari, ita za a ɗaure."

Mai Aski ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya buɗe sai ya ce, "Ita tana lafiya? 'Yar taku?"

"Tana lafiya."

"To ka bar ta da lafiyarta, Kawu."

Mai Bin Sawu ya yi masa sallama ya fito. Mutumin ya san wani abu, kuma yana kare wani, wannan a fili yake.

* * *

Da ya rasa ta inda zai ɓullo, sai ya juya tambayar. Ya bar tambayar saba wa ya mallaki fayil ɗin nan, ya ce ta jero masa duk abin da Sabuwa ta mallaka. Ya zaci zai ga 'yan takardu kaɗan na mai sabon aiki. Sai ga fayiloli suna zubowa ba iyaka, jadawalin aikin nas-nas, takardun neman hutu, lissafin allurai, abubuwan da ko shekara biyar ba ta isa mutum ya tara ba. A can ƙasa akwai hoto guda. Ya danna.

Wata mata ce zaune a kujerar mai hoto, bayanta labule mai zanen teku. Gefenta wani yaro cikin wandon da ya yi masa yawa, ya turo baki don an hana shi riƙe ledar alewarsa. Bayan yaron wata budurwa ta dafa kafaɗarsa.

Uwarsu ce. Yaron shi ne. Hoton guda ɗaya ne a duniya, yana rataye a ɗakin Yaya, kuma ya tuna lokacin da ya fara dishewa ta ce za ta kai shi wurin aiki a saka mata a kwamfuta. A ƙarƙashinsa saba ta rubuta sunan mai shi, Sabuwa.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya kira Sai-Gobe.

"In aka ɗauki sabon ma'aikaci, yaya kake buɗe masa asusu?"

"Buɗewa? A'a, Oga, ni na daina wannan. Sau ɗaya na taɓa buɗe sabo, na zo saka shi a rukunoni na rikita komai, asibitin nan ya wuni ba wanda ke iya buɗe ko folda ɗaya. Likita saura kaɗan ya kore ni. Tun daga ranar, a nan kujera ce ke da asusu. In mutum ya tashi wani ya zauna, sai in goge sunan tsoho in rubuta na sabo, in canja kalmar sirri. Komai na nan yadda yake, ba ciwon kai."

"Asusun Sabuwa na wa ne da?"

"Na teburin gaba mana. Babbar Nas ke da shi, kafin ta koma na tsohuwar da ta yi ritaya."

"Lokacin yana cikin rukunin Gwaji?"

"Sosai, ai ita ke miƙa wa mutane sakamakonsu. Ranar da na sa sunan Sabuwa, ranar na cire shi, a zama ɗaya. Wannan kam ban ce sai gobe ba, Likita na tsaye a kaina." Ya yi murmushi, yana jiran yabo. Da ya ga fuskar Mai Bin Sawu sai murmushin ya bushe.

Saba ba suna take riƙewa ba, lamba take riƙewa. Suna riga ce kawai a kan lambar, kuma duk abin da mai rigar farko ya aikata, da sunan mai rigar yanzu za ta faɗe shi. Tun da asusun ya ɗauki sunan Sabuwa bai ƙara iya buɗe foldar ba. Kwafin kafin nan aka yi shi.

* * *

Ya sami Babbar Nas a ɗakin ajiyar magani tana jera kwalaye. Ya rufe ƙofa. Ba ta juyo ba.

"Yaya, na ga hoton Inna."

Hannunta ya tsaya a kan kwali. Ta zauna a kan wani ɗan benci.

"Ni na miƙa wa Mai Aski ambulan ɗin sakamakonsa zuwa wurin Likita, Auta. Na ga abin da ke ciki. Mutumin da zai auri 'yata! Me kake so in yi? In yi shiru in sa mata lalle? Na buga, na kai masa har shago bayan ya tashi. Na ce ya rabu da ita, ni kuma ba mai ji daga bakina. Ya ce dama yana neman yadda zai faɗa mata. Ban ba shi dama ba. Na ƙona takardar da hannuna. Na manta da wadda ke cikin kwamfuta, wallahi na manta."

"Kin ga an ɗora wa yarinyar mutane laifin."

"Na gani. Kullum sai na tashi da niyyar zuwa wurin Likita, in na zo ƙofarsa sai ƙafata ta ƙi." Ta ɗago ta dube shi. "Ka ce ba ka gano komai ba. Ba aikina nake ji ba, ba ɗauri ba. In 'yata ta san ni ce, na rasa ta."

"In ban gano komai ba, sunan da ke kan fayil shi zai je kotu."

"Ni na goya ka, Auta."

"Na sani, Yaya." Hawaye ya zubo masa, bai share ba. "Ke ki faɗa da bakinki. Zan buɗe miki hanya, in yi shiru. Don Allah kada ki sa ni in faɗa."

Ta tashi ta ci gaba da jera kwalayenta.

* * *

Washegari da hantsi aka taru a ofishin Likita. Sufeto ya zauna kusa da ƙofa, makullin mota a hannu. Sabuwa na gefe da uwarta, ga Mai Gwaji, ga wan Mai Aski yana huci, ga Sai-Gobe a gaban kwamfuta. Babbar Nas ta tsaya jikin taga cikin fararen kayanta.

Mai Bin Sawu ya sa Sabuwa ta shiga da asusunta ta danna foldar sakamako. Ta ƙi buɗewa.

"Wannan mun ji," in ji Sufeto. "Amma na'ura ta kira sunanta."

"Yallaɓai, ka ba ni aron sunanka na ɗan lokaci."

Ya ce da Sai-Gobe ya yi abin da ya saba, ya goge sunan Sabuwa daga asusun ya rubuta na Sufeto. Sannan ya buɗe takardar Mai Aski ya tambayi saba mai ita. Sufeto ya sunkuya ya karanta, ya ga sunansa da na mahaifinsa zaune daram. Makullin ya faɗi daga hannunsa.

"Kai! Wane irin wasa ne wannan?"

"Ba wasa ba ne, Yallaɓai, haka ake aiki a gidan nan. Asusu na kujera ne, suna kawai ake canjawa. Ranar da aka sa sunan yarinyar nan, ranar aka cire asusun daga rukunin da ke ganin sakamako. Ba ta taɓa iya buɗe foldar ba. Wanda ya yi kwafin ya yi shi ne tun kafin ta zo, don ya buga, ya manta bai goge ba. Wanda ya ɗauki hoton ya yaɗa kuwa, duk mai aiki a asibitin nan zai iya zama shi, kuma ba a bar min sawun da zan bi ba."

Mai Gwaji ya dubi ƙasa. Likita ya dubi Sai-Gobe, Sai-Gobe ya dubi silin.

"To wa ke kujerar kafin ita?" in ji Sufeto.

Duk ma'aikatan da ke ɗakin sun san amsar, ba wanda ya motsa. Mai Bin Sawu ya yi shiru kamar yadda ya alkawarta. Ya dubi yayarsa, yana roƙonta da ido. Ita kuwa ta ƙura wa taga ido, ta ƙi dubansa. Fanka na ta juyawa. Uwar Sabuwa ta riƙe hannun 'yarta tana kallon bakin kowa.

"Malam, da kai nake," in ji Sufeto. "In ba ka da wani suna, ni ina da wanda na zo da shi."

Mai Bin Sawu ya juya ga Sufeto.

"Babbar Nas ce. Yayata."

Uwar Sabuwa ta saki salati. Wan Mai Aski ya miƙe, Sufeto ya daka masa tsawa ya koma ya zauna. Sabuwa ba ta yi murna ba, kallon Babbar Nas kawai take yi, matar da ta zo ɗakinsu ta yi kuka.

Babbar Nas ta cire hularta ta ninke, ta ajiye a teburin Likita, ta ɗora makullan ɗakin magani a kai. "Haka ne," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta bi bayan Sufeto. Da ta zo wucewa ta gabansa, gefen rigarta ya shafi hannunsa, amma ba ta dube shi ba.

* * *

Likita ya roƙe shi ya gyara komai kafin ya tafi, kowa da asusunsa, kowane rukuni da mutanensa, ya kuma rufe na Babbar Nas. Ya zauna a ƙarƙashin bene ya yi aikin shi kaɗai. Ya cire ta daga rukunin Gwaji, ya cire ta daga na Nas-nas, ya cire ta daga na Ma'aikata. Aiki ne mai sauƙi, wanda da an yi irinsa tun farko da ba a zo nan ba.

Ya fito titi rana na tsaka. Ta tsallaken hanya yana hango shagon Mai Aski da kwaɗonsa a rufe. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, 'yar yayarsa ce. Ya bar ta ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira, ya ɗauka.

"Kawu! An ce an wanke yarinyar nan, an ce ka gano mai laifin. Na kira Umma wayarta a kashe. Kawu, wane ne? Ka faɗa min sunansa. Wallahi ko wane ne ban yafe masa ba, duniya da lahira ban yafe ba!"

"Kada ki rantse," ya ce. "Don Allah kada ki ƙara."

"Me ya sa? Kawu, me ya sami muryarka?"

Ya jingina da bangon asibitin.

"Kina gida? Ki zauna, kada ki buɗe wa kowa ƙofa, kada ki duba waya. Ga ni nan zuwa."

"Umma fa? Tare kuke?"

"A'a," ya ce. "Ni kaɗai ne."